Garma, Maƙeri da Bayan Tarakta a Ƙasar Shira

Idan ruwan shuka ya sauka a ƙasar Shira, daga Yana har Disina da Faggo da ƙauyukan gindin duwatsu, abin da ido zai fi gani a gona shi ne bijimai biyu a ƙarƙashin karkiya, yaro yana gaba, magidanci yana riƙe da garma a baya. Wannan garmar baƙuwa ce, da ƙyar ta cika shekara ɗari a Arewa. Tarakta ma baƙuwa ce, kuma tsakanin zuwansu bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Amma ɗaya ta zama 'yar gida har ana raba ta a gado, ɗayar kuwa har yau sai an rubuta suna an jira, in ta zo an gode, in ta lalace ta kwanta a harabar ofis har ciyawa ta rufe tayoyinta. An saba ɗora laifin a kan talauci ko a kan gwamnati, kuma kowannensu yana da nasa kason. Ni dai abin da tarihin ya nuna mini shi ne, makomar kowane kayan noma da ya shigo ƙasar nan a maƙera ake yanke ta. Wanda maƙerin gari ya iya kwancewa, ya gyara, ya ƙera irinsa, shi ne ke zama. Kuma wurin da wannan hukunci ya fi fitowa fili shi ne mahaɗar da ke tsakanin abin ja da abin da ake ja: karkiya da sarƙa a wajen shanu, hannuwan ƙarfe uku a bayan tarakta.

Shira tsohuwar ƙasa ce. Tarihin baka yana haɗa ta da Teshena da Auyo a matsayin garuruwan 'yan'uwa, kuma tana da sarautarta tun kafin Malam Zaki ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19. Harshenta na asali, Shiranci, ya ɓace, Hausa ta maye gurbinsa, amma sana'ar ƙira ba ta ɓace ba, domin babu damina sai da ita. Maƙerin baƙi shi ne mai garmar hannu, da fartanya, da sungumi, da lauje, da gatari. Yana aiki da zugazugi da gawayin ƙirya, da uwar maƙera da masaba da awartaki, kuma a da ƙarfensa daga tama yake, wadda ake narkawa a daji. Abin lura a nan shi ne dangantakarsa da manomi. Maƙeri ya san ƙasar kowa, ya san mai jigawa yana son baki mai faɗi, mai fadama yana son mai kauri, kuma in fartanya ta karye da hantsi, kafin azahar ta koma gona. Sau da yawa ma ba a biyansa sai kaka, da damin gero ko na dawa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa da tarkacen kwangiri suka cika kasuwa, narkar tama ta mutu a hankali. Wani zai ɗauka mutuwar sana'ar ke nan, alhali sauƙi ne ya zo mata: maƙeri ya huta da haƙar tama, ya koma neman ƙarfe mai kyau a cikin abin da wasu suka yar. Wannan ɗabi'ar ta duba tarkace da idon mai ƙira ita ce jarin da ya tarbi duk abin da ya biyo baya da shi.

Garmar shanu ta shigo ne ta hannun sashen gona na Turawan mulki, a zamanin da O. T. Faulkner yake shugabantarsa. A 1928 aka fara da manoma uku kacal, bayan gwaje-gwajen da aka yi a gonakin gwamnati irin ta Samaru. Tsarin shi ne En'e ta ba mutum bashin bijimai biyu da garma, ya riƙa biya a cikin 'yan shekaru. Garmar da ta yi fice ita ce Emcot ta kamfanin Ransomes da ke Ipswich a Ingila, mai fukafukai biyu, wadda ke tsaga ƙasa ta watsa ta dama da hagu ta tayar da kunya. Sunan nata ma daga hukumar bunƙasa noman auduga ta daular Ingila aka ciro shi, wanda ya isa ya nuna wa mai karatu abin da Bature yake nema: auduga da gyaɗa. A lokacin an riga an mayar da hedikwatar masarautar Katagum zuwa Azare tun 1916, kuma a 1926 aka cire yankin daga lardin Kano aka haɗa shi da na Bauchi, amma gyaɗarsa ba ta daina kallon Kano ba. Turawan sun so manomi ya ɗaure shanu a gida, ya tara taki, ya daina barin gona ta huta. Manomi kuwa ya ɗauki abin da ya yi masa. Ya ga garmar tana yin huɗa irin wadda ya gada, kunya bayan kunya, sai dai a yini ɗaya tana yin abin da zai ɗauki majiya ƙarfi da yawa. Ya ga in ya gama tasa zai yi wa maƙwabci a biya shi. Ya kuma ga bijimin da ya yi damina uku ko huɗu yana aiki, in an turke shi an sayar, ya fi kuɗin da aka saye shi. Babu injin da yake tsufa yana ƙara daraja sai wannan.

Duk da haka, da an bar garmar a hannun kantin Bature da ma'ajin En'e, da ba ta wuce gidajen hakimai da attajirai ba. Bakin garma yana cinyewa, musamman a ƙasa mai yashi irin ta Katagum, wadda ke gurzar ƙarfe kamar dutsen washi. Maƙeri ne ya gano cewa sifirin ɗin mota, wannan ƙarfen mai tauri da lanƙwasa, yana ba da baki mai jure yashi. Daga baki ya koma fukafukai, daga fukafukai ya koma ƙaramar tayar gaba, har ya iya haɗa garma sukutum. An daɗe ana ƙera Emcot a masana'antar John Holt da ke Zariya, amma garmar da ta cika kasuwannin ƙauye ita ce ta maƙeri da mai walda, mai araha, wadda in ta karye an san ƙofar da za a buga. Haka amalanken shanu: aksul ɗin tsohuwar mota da tayoyinta, da katako ko faifan ƙarfe a sama, shi ke nan an sami abin kai taki gona da kwaso amfani. Mahaɗar kuwa ba ta da wani sirri. Karkiya itace ce da masassaƙi zai fafe, sai igiya, sai sarƙa da ƙugiya. Kowane yanki na wannan tsari akwai mai yin sa a cikin tafiyar yini ɗaya da ƙafa. Shi ya sa fari na farkon shekarun 1970, da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, da annobar bushiya da ta halaka shanu a 1983, duk sun girgiza noman shanu amma ba su tumɓuke shi ba.

Kafin a yi maganar tarakta a ƙasarmu, ya kamata a san abin da ke bayanta, domin shi ne rabin labarinta. Taraktocin farko jan garma suke yi da sarƙa ko sandar ƙarfe, kamar yadda sa yake yi. In garmar ta ci karo da saiwa ko dutse ta tsaya cak, tayoyin baya ba sa tsayawa, sai gaban motar ya tashi sama ta kifa da baya a kan direba. Mutane da yawa sun mutu ta haka a Amurka da Turai. Wani ɗan manomi daga arewacin Ailan, Harry Ferguson, shi ya shafe shekaru yana neman mafita, ya yi rajistar dabararsa a 1926. Maimakon a ja garma, sai a rataye ta a jikin tarakta da hannuwa uku, biyu a ƙasa, ɗaya a sama, kamar duwatsun murhu da ke riƙe tukunya ba ta girgiɗi. Hannuwan ƙasa suna ja, na sama kuwa garmar ce ke turo shi gaba idan ta nitse, kuma wannan turin yana danne gaban motar, yayin da nauyin garma da na ƙasar da ta ɗauko ke sauka a kan tayoyin baya su ƙara kama ƙasa. Sai ya ƙara wata hikimar: ya sa sifirin a gindin hannun sama wanda ke jin nauyin turin, in ya yi yawa ya buɗe wa man haidirolik hanya ya ɗan ɗaga garmar, in ya ragu ya sauke ta. Da haka ƙaramar tarakta mara nauyi ta iya aikin babba. A 1938 ya yi yarjejeniya da Henry Ford ta musafaha kawai, ba takarda, aka fitar da Ford 9N a 1939. Yarjejeniyar ta ƙare a kotu, inda Ferguson ya karɓi dala miliyan 9.25 a 1952. Kafin nan ya fara ƙera tasa, TE20, a Koventiri tun 1946, aka yi fiye da rabin miliyan cikin shekara goma. Kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris a 1953, kuma daga nan sunan Massey Ferguson ya samo asali, jar taraktar da kowane yaro a Azare ya sani.

A Arewa an fara gwada noman inji da gaske bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shirin Mokwa, wanda aka buɗe a 1949, bai kai 1955 ba aka naɗe tabarmarsa: kututture ya karya injuna, kuma tarakta ta buɗe filin da ya fi ƙarfin fartanyar waɗanda aka zaunar su yi noma. Darasin bai hana a maimaita ba. Aka kafa sassan ba da hayar tarakta a ƙarƙashin ma'aikatun gona, kuɗin man fetur ya zo, Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Bauchi, Shagari ya biyo da nasa a 1980. A garin Bauchi kansa aka buɗe masana'antar Steyr tare da kamfanin ƙasar Ostiriya a ƙarshen shekarun 1970, tana harhaɗa tarakta da manyan motoci, a Kano kuma ana harhaɗa Fiat. A farkon shekarun 1980 shirin bunƙasa noma na jihar, mai tallafin Bankin Duniya, ya bazu har yankin Katagum. Sai dai harhaɗawa ce, sassan a akwati suke zuwa daga waje. Da aka karya darajar naira a 1986, akwatunan suka yi wuya, masana'antun suka yi sanyi, taraktocin da ke hannu suka fara cin junansu: a kwance wannan a tayar da waccan, har a rasa ta kwancewa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ta ina tarakta take fara mutuwa. Injin dizal yana da juriya, kuma makanikan tashar mota sun san shi, tun da ɗan'uwan na babbar mota ne. Ta baya take fara lalacewa. Fin ɗin da ke riƙe haro ya ɓace a gona sai a cusa ƙusa ko guntun rodi wanda bai cika ramin ba, ramin ya yi ta faɗaɗa. Sarƙar da ke hana hannuwan lilo ta tsinke, haro ya riƙa dukan taya. Zaren hannun sama ya cinye, ba a iya daidaita kwanciyar garma. Man haidirolik ya sha ƙura, famfon ya daina ɗagawa. Tarakta mai lafiyayyen inji wadda ba ta iya ɗaga garma ta koma motar jan tirela. Kuma duk wannan yakan faru ne a cikin makonni uku ko huɗun da huɗa take da amfani, a ƙasar da daminarta ba ta wuce wata huɗu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma tsarin hayar gwamnati kullum a ranar tafiya yake neman fin daga Kano ko Legas. Taraktocin da suka rayu su ne na 'yan kasuwa waɗanda suka ƙulla da mai walda da mai injin tana na feƙe ƙarfe a gari, ana yanka musu fin, ana cike ramin da ya faɗaɗa a sake huda shi, ana miƙe hannun da ya lanƙwashe.

Za a ce wannan hujjar ta ɗauki reshe ta bar gindi. Matsalar tarakta, in ji mai wannan ra'ayi, kuɗi ne da girman gona: manomin da gonarsa ba ta wuce kadada ɗaya ko biyu ba, a warwatse, ba zai taɓa riƙe injin miliyoyi ba, ko da maƙera goma a ƙofar gidansa. Gaskiya ne, kuma ba na musun sa. Amma a dubi injin ban ruwa. Shi ma daga waje yake zuwa, shi ma da kuɗin waje ake sayensa, shi ma yana shan mai, kuma ya bazu a fadamun kogin Jama'are a daidai shekarun da naira take faɗuwa, musamman bayan shirin Fadama na farkon shekarun 1990. Dalili kuwa, mai gyaran babur yana iya buɗe shi a gindin bishiya. Da aka cire tallafin fetur a 2023, cikin watanni kaɗan masu gyara suka koya wa injin shan iskar gas ta girki. Haka injin niƙa, haka injin casar da masu walda ke haɗawa daga faifan ƙarfe. Tsada tana iyakance yawan masu saye, wannan sananne ne, sai dai ba ita ke kashe abin da aka riga aka saya ba. Garmar Emcot ma a 1930 ta fi ƙarfin aljihun talaka, da bashi aka fara ta, da haya ta yaɗu.

A nan ne ƙananan taraktoci suke da muhimmanci, irin masu ƙafa biyu da ake bi a baya da masu ƙafa huɗu marasa girma da ke shigowa daga Sin da Indiya. A Amurka irin wannan ƙaramar mota ta yankan ciyawar gida ce, kuma mai ita yakan ƙera mata hannuwa uku a garejinsa don sha'awa. A ƙasar Katagum wanda ya yi wannan aikin abinci yake nema, domin ƙaramar tarakta takan zo da kayan aikin da aka yi wa wata ƙasa, shi kuwa kunya yake so, irin ta gero da gyaɗa da wake. Aikin ba ya fin ƙarfin mai waldar da ya saba da amalanke da ƙofar ƙarfe. Zai yanka faifai mai kauri ya ɗaure shi da noti a bayan akwatin giya, ba zai liƙa shi da wuta ba, don ƙarfen zubi yana tsagewa in an yi masa walda da gaggawa. Zai fitar da hannuwa biyu na ƙasa, ya gitta sanda a sama wadda za ta juya ta ɗaga su, da liba ta hannu in garmar ba ta da nauyi, ko da ƙaramin jak na mai. Hannun sama zai zama mai zare, a tsawaita a gajarta. Sai sarƙoƙi biyu na hana lilo, sai nauyi a gaban motar don kada ta ɗaga kai idan an ɗauke garma. A ƙarshen hannuwan sai ya rataya abin da kakansa ya riga ya ƙware a kai, wato jikin garmar shanu, ɗaya ko biyu a jere.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ita ce ta injiniyoyi: abin da aka ƙera da ido, ba lissafi, yana iya kashe mutum. Suna da gaskiya. Hikimar Ferguson ba a yawan hannuwan take ba, a kusurwarsu take. Dole jan ya kasance ƙasa da aksul ɗin baya, kuma layin hannun sama da na ƙasa su nufi haɗuwa can wajen gaban motar. Wanda ya ɗaga mahaɗar sama don ta yi masa sauƙin liƙawa, ko ya ɗaura sarƙa a gurbin hannun sama zai tumɓuke kututture, ya dawo da haɗarin da aka yi maganinsa tun 1926, kuma tarakta tana kifawa da baya a ƙasa da daƙiƙa biyu. Akwai kuma abin da maƙera ba ta iya yi: ƙwallon da ke bakin kowane hannu, da famfon mai, da dabarar nan mai jin nauyin garma, waɗannan sai masana'anta. To amma me wannan sukar take nema a yi? In hana ƙira ne, babu mai iya hanawa, kuma madadinsa a Yana ba hannun masana'anta ba ne, tarakta ce a kwance. Abin da ya ɓace a tsakani ƙanƙane ne, awo ne. Duniya ta daɗe da daidaita girman waɗannan hannuwa aji-aji. Na ƙananan motoci da ba su wuce ƙarfin doki 20 ba, fin ɗinsu milimita 16 ne. Aji na ɗaya, 19 a sama, 22 a ƙasa. Aji na biyu, irin na manyan Massey Ferguson da ake kawowa daga Pakistan, 25 a sama, 28 a ƙasa. Wannan ilimin bai cika shafi biyu ba. Mai waldar da ya riƙe shi, garmar da ya ƙera a Yana za ta shiga bayan taraktar da ke Giyaɗe ko Misau ba tare da guduma ba.

Akwai masu cewa duk wannan kwaikwayo ne, kuma al'ummar da ta tsaya kwaikwayo ba ta ci gaba. Sun manta cewa tun da wa'adin rajistar Ferguson ya ƙare, kowane kamfanin tarakta a duniya kwaikwayonsa yake yi, daga John Deere har Mahindra, kuma ba wanda ya kira shi abin kunya. Bambancin kawai shi ne su da zane da ma'auni suke kwaikwaya, namu kuwa da tsohon yanki a hannu, wanda ya riga ya cinye ya karkace, sai a kwafi har karkatar. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana da sashen injiniya, akwai cibiyar injunan noma ta ƙasa a Ilorin, kuma masu ƙira na kasuwar Panteka a Kaduna sun nuna abin da mai koyon hannu zai iya idan aka ba shi zane. Tsakanin waɗannan wurare da rumfar mai walda a bakin kasuwar Yana, hanyar ba ta taɓa buɗewa sosai ba.

Har yanzu idan gwamnati ta tashi taimakon noma, taraktoci take jerawa a fili a yanka ƙyalle, kamar yadda aka yi a 1976 da 1980. Ga wanda zai sa hannu a kwangila ta gaba a Bauchi, roƙon kaɗan ne: a cikin kuɗin tarakta ɗaya a cire abin da zai buga zanen hannuwan nan uku da awonsu da Hausa, a haɗa da ma'aunin fin, a raba wa maƙera da masu walda na Yana, Disina da Azare tun da rani, kafin ruwan shuka.